Tsofaffin injinan wanki masu ƙofa a gaba: tsakanin Miele da Bosch da LG, wanne zai jure mana?

Malamar Makaranta, Zariya

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san injinan wanki masu ƙofa a gaba, musamman tsofaffin da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda 'yan kasuwa ke kira na Beljiyam. Mu takwas ne a gida, huɗu daga cikinmu yara ne 'yan makaranta, kuma wankin kayan makaranta da zannuwan gado da tawul ya fi ƙarfin hannu, ga shi aikin koyarwa yana cinye mini yini. Injin da muke amfani da shi irin mai baho biyu ne, wanda ake cikawa da bokiti, a kwashe kaya daga wannan gefe a zuba a wancan domin a matse. Yanzu gefen matsewar ya daina aiki, kuma ko lokacin da yake lafiya sai mutum ya tsaya a kansa tun daga jiƙo har shanya.

Mun je wani shago aka nuna mana guda uku, dukkansu na hannu. Na farko Miele ne, an rubuta Novotronic a goshinsa, yana ɗaukar kilo 5. Shi ne mafi tsufa a ido, amma shi mai shagon ya fi tsawwala wa kuɗi, yana cewa nauyinsa kaɗai ya isa shaida. Na biyu Bosch ne, Maxx 6, mai ɗaukar kilo 6, kuma shi ne mafi sauƙin kuɗi. Na uku LG ne mai kilo 7, an rubuta masa Direct Drive, ya fi sauran kyan gani da alamar ƙuruciya, kuma shi ya fi kwanta wa maigidana a rai saboda girman cikinsa.

Ruwanmu na burtsatse ne, ana tura shi cikin tanki da ke kan ƙarfe a tsakar gida. Wuta kuwa tana zuwa tana ɗaukewa, wani lokaci ta zo ba ƙarfi, kuma muna da matsakaicin janareta da muke tayarwa da dare. Abin da nake so in sani shi ne: a cikin ukun nan wanne ya fi jurewa, wanne ya fi fitar da dauɗa, kuma me ya kamata mu duba da idonmu kafin mu biya kuɗi? Ba ma so mu ɗauko abin da zai zauna a lungu bayan wata biyu. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Mai Gyara, Sabon Gari, Kano

Wa alaikumus salam, Malama. Gyaran firji da injin wanki ne sana'ata, don haka zan fara da yadda cikin injin yake, domin idan kika gane wannan za ki iya tantance kowanne da kanki.

Gangar da kike zuba kaya a ciki, mai ƙananan huji, tana juyawa ne a cikin wani baho da ke riƙe ruwa. A bayan gangar akwai ƙarfe mai yatsu uku na alminiyom, wanda mu masu gyara muke kira sifaida, kuma daga tsakiyarsa sandar ƙarfe ta fita ta ratsa boris guda biyu da ke zaune a bayan baho, da robar sil a gabansu tana tare ruwa. Ran injin yana wannan wuri. Famfon fitar da ruwa, da bel, da kabon, da makullin ƙofa, da shokazoba, da hita, duk ƙananan gyare-gyare ne da ake gamawa a wuni guda. Amma idan sil ya cinye ruwa ya kai ga boris, sai tsatsa ta kama, injin ya fara ƙara irin ta injin markaɗe duk lokacin da zai matse kaya, kuma idan aka ci gaba da aiki da shi a haka sai sandar kanta ta lalace. Shi boris ba abin wahala ba ne, domin lambobinsa na kowa ne, irin su 6205 da 6206 da 6305 da 6306, ana samunsu wajen masu sayar da kayan injina. Abin tambaya shi ne ko bahon yana buɗuwa a kai gare shi. Tun wajen tsakiyar shekarun 2000 kamfanoni da yawa suka koma narka bakin bahon roba suna haɗe shi gaba ɗaya, ta yadda gyaran da suka tanada shi ne a canza baho da ganga duka. Mukan yanka irin wannan da zarto, mu canza boris, mu mayar da gam da kusoshi, amma ba kowane lokaci yake riƙe ruwa ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya sayi injin da gyaransa zai zama haka.

Saboda haka abu na farko, ki sa mai shagon ya kwance kusoshi biyun da ke bayan murfin sama ya zare murfin, ki leƙa inda rabi biyu na bahon suka haɗu. Idan kika ga jerin kusoshi ko maƙalai sun zagaye shi, yana buɗuwa. Idan kika ga layi ɗaya sumul na narkakkiyar roba, ki bar shi.

Miele na wancan zamani babu wanda ya kai shi ƙarfin ƙira, wannan gaskiya mai shagon ya faɗa. Bahonsa na ƙarfe ne marar tsatsa, abin da ke danne shi zubin ƙarfe ne alhali sauran kankare suke sawa, nauyinsa yana kusan kilo 100, shi ya sa ba ya tafiya a ɗaki idan yana matsewa. Matsalarsa a wurinmu kayan gyara ne. Idan robar ƙofarsa ta yage ko fanel ɗinsa, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, ya ƙone, da wuya ki same su a kanta a nan Sabon Gari, har a Alaba ta Legas ma sai an yi cigiya, kuma sau da yawa sai an jira wani mataccen irinsa an cire a jikinsa. Inji mai ƙarko da zai yi wata uku yana jiran roba ɗaya bai amfani gida mai mutum takwas ba.

Bosch ɗin bahonsa na roba ne, yana aiki da bel, kuma motonsa mai kabon ne, wato 'yan sanduna biyu na gawayi da ke isar da wuta ga ɓangaren moton da ke juyawa. Kabon ɗin yana cinyewa da shekaru, alamarsa kuwa injin zai sha ruwa amma ganga ta ƙi juyawa, ko ta juya ta kasa ɗaukar gudu, wasu su nuna lambar matsala F21. Mutane da yawa suna ganin haka su ɗauka injin ya mutu, alhali kabon biyu ne za a canza a cikin rabin sa'a. Babban abin da ya taimaki Bosch shi ne yawansa: Siemens da Neff gida ɗaya suke da shi, kayan cikinsu sukan hau juna, kuma ana shigowa da su da yawa, don haka famfo da makulli da moto ba sa wuyar samu.

LG ba shi da bel, ba shi da kabon, motonsa a manne yake a bayan ganga, shi ya sa ba shi da hayaniya kuma abubuwan da ke cinyewa a jikinsa kaɗan ne. Bahonsa yawanci na kusoshi ne. Akwai ɗan ƙaramin abu a jikin moton da ke sanar da fanel gudun ganga, idan ya gaji sai injin ya nuna LE, kuma canza shi ba tsada. Sai dai irin wannan moto ba ya motsi sai ta hannun fanel, shi kuwa fanel ba ya son wutar da ke hawa da sauka, kuma idan ya ƙone dole a samo wanda lambarsa ta yi daidai da tasa.

A ganina, idan bahon Bosch ɗin yana buɗuwa kuma boris ɗinsa shiru, shi za ki ɗauka. LG yana biye da shi idan za ku saya masa sitabilaiza tun ranar farko. Miele kuwa na wanda yake da ɗan'uwa a Turai ne da zai riƙa aiko masa da kaya.

Ko wanne za ki ɗauka, ki buɗe ƙofa ki kama bakin ganga ta sama ki ɗaga ta ki sake. Ganga da baho su motsa tare. Idan gangar tana wasa ita kaɗai ko tana ƙwanƙwasawa, boris ko sifaida ya tafi. Ki juya ta da hannu ki saurara, kuma ki lura ko bakinta yana layi daidai ko yana karkacewa, domin karkacewa alamar yatsan sifaida ɗaya ya tsage ne. Ki sa a buɗe bayan injin, ki haska ƙarƙashin fulin, wato faifan da bel ke juyawa a bayan ganga: idan akwai zirin tsatsa ja da ya gangaro, ruwa ya riga ya wuce sil. Ki danna ganga ƙasa ki sake, idan ta yi ta lilo shokazoba sun mutu, abin da ke yawan faruwa ga injin da aka ɗauko kusan kilomita 1,000 daga Legas ba tare da kusoshin da ke ɗaure ganga lokacin tafiya ba. Daga nan kada ki yarda da gwajin kunnawa a ga fitila ta kama. A haɗa masa ruwa, a zuba tawul uku ko huɗu, ya wanke, ya zubar, ya matse da cikakken gudunsa a gabanki.

Hajiya Babba, Kaduna

Malama, sannu da ɗawainiyar yara. Injiniya ya yi bayanin ƙarfe, ni kuma zan yi maganar wanki, domin na daɗe ina aiki da tsohon inji na Jamus mai kilo 5, 'yata kuma tana da na baya-bayan nan mai girma, ina ganin aikin kowanne.

Wajen fitar da dauɗa, mai ƙofa a gaba ya fi mai baho biyu nesa ba kusa ba, saboda yana ɗaga kaya yana sakinsu a cikin ruwa kaɗan mai sabulu, kuma yana ɗaukar lokaci. Ki shirya wa wannan lokacin, domin wankin auduga yakan kai sa'a biyu, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai lissafin wuta. Inda na ga tsofaffin sun fi shi ne ɗauraya. Nawa idan ya zo ɗauraya ina ganin ruwa ya hau gilashin ƙofa, tawul ya fito babu santsin sabulu. Na baya-bayan nan an ƙera su su yi tsimin ruwa, da kyar ake hango ruwan a ciki, kuma idan akwai yaro mai ƙaiƙayin fata sai an ƙara masa ɗauraya ɗaya. A nan Miele ɗin da kika gani zai fi sauran biyun, kodayake zai fi su shan ruwan tankinki.

Amma a maganar girma ina bayan maigidanki, kuma ina ganin Injiniya bai ba ta haƙƙinta ba. Kilo ɗin da ake rubutawa na busasshen kayan auduga ne, kuma ba a cusa kaya har baki, sai an bar wurin da tafin hannu zai shiga a tsaye a saman kayan. Kilo 5 ga mutum takwas yana nufin kusan kullum injin yana aiki, zanin gado biyu da rigunan filo sun cika shi, bargo mai kauri kuwa ba ya shiga. Wannan yawan aiki shi ma yana cin inji. Kilo 6 ya ɗan fi, kilo 7 ne zai ba ki sararin haɗa kayan makarantar yara huɗu a zubi ɗaya ranar Asabar.

Sai maganar sabulu, wadda ita ce ke kashe injina da yawa a gidajenmu ba tare da an sani ba. Garin omo na wankin hannu an yi shi ne ya yi kumfa, shi kuwa wannan inji kumfa tana hana kaya faɗuwa da ƙarfi, tana hana famfo jan ruwa, har ta fito ta aljihun sabulu ta malale ɗaki. Ki nemi wanda aka rubuta na injin wanki ne, kuma ki rage daga abin da hannunki ya saba zubawa. Ragowar sabulun da bai narke ba shi ne ke taruwa a baya yana cin wancan ƙarfe mai yatsu uku da aka ambata.

Ba kowane kaya nake ba inji ba. Shadda mai maiƙo da babbar riga mai aiki da hular zanna har yau hannu ne ke wanke su a gidana, domin juyin inji yana kashe ƙyallin shadda. Leshi da mayafai ina saka su cikin rigar filo in ɗaure bakin, in zaɓi wankin kaya masu laushi da ruwan sanyi. Atamfa tana wankuwa lafiya da ruwan sanyi idan an juya bayanta. Wuyan farar rigar makaranta da safa kuwa sai an ɗan goga musu sabulu kafin a zuba, kuma lokacin hunturu ki kakkaɓe ƙura daga labule da zannuwa tukuna, in ba haka ba ruwan farko zai zama taɓo.

Kada gudun matsewa ya ruɗe ki. Turawa suna neman juyi 1400 ko 1600 a minti ɗaya ne saboda ba su da rana. Mu nan 800 ya wadatar, kaya ba sa yamutsewa sosai, guga ta yi sauƙi, boris kuma ya huta. Idan an gama ki goge cikin robar ƙofa, ki bar ƙofar da aljihun sabulu a buɗe su sha iska, domin rufe su da danshi shi ke kawo fumfuna da wari.

Mazaunin Jamus

Assalamu alaikum. Ina zaune a ƙasar da aka ƙera biyu daga cikin injinan nan, don haka zan ƙara abin da ake gani daga wannan ɓangare.

Miele kamfani ne na iyali da aka kafa a 1899, hedikwatarsa tana Gütersloh, kuma sunan da ya yi na ƙarko ba na banza ba ne. Kamfanin yana cewa yana gwada injinansa gwajin da ya yi daidai da amfanin shekara 20, a lissafin wanki biyar a mako, mako 50 a shekara, wato wanki 5,000. To, Malama, a nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani. Jerin Novotronic na shekarun 1990 ne zuwa shekarun 2000, ke nan wanda aka nuna miki ya riga ya ci shekarun nan 20 ko kusa da haka a gidan wani. Yana iya ƙara wasu shekarun, na san gidajen da har yanzu suke aiki da irinsa, amma bai kamata a sayar miki da shi a kan farashin ƙarkon da wani ya riga ya mora ba. Ina ƙaunar Miele, kuma duk da haka na yarda da Injiniya.

Ya kamata kuma a san dalilin da ke sa inji ya bar gidan mai shi a nan. Wasu ƙaura suke yi ko su canza kicin, irin waɗannan lafiyarsu lau. Amma da yawa an fitar da su ne saboda kuɗin kiran mai gyara ya kusa kuɗin sabo, musamman idan boris ya fara ƙara. Duka biyun suna shiga kwantena ɗaya, kuma bayan an wanke su an goge ba a bambance su da ido, shi ya sa gwajin da aka faɗa miki ya zama dole.

Shekarun Bosch ba sai kin tambayi mai shago ba. Ki buɗe ƙofa ki duba ɗan farantin da ke jikin bakinta, za ki ga E-Nr, wadda ita ce lambar da ake neman kayan gyara da ita, sannan FD da lambobi huɗu. Ki ƙara 20 a kan biyun farko ki sami shekara, biyun ƙarshe kuma wata ne. Misali FD 8511 yana nufin Nuwamba 2005, domin 85 da 20 ya zama 105, wato 2005. Haka yake ga Siemens da Neff, domin duk kamfanin BSH ne ke yinsu, wanda Bosch da Siemens suka haɗu suka kafa a 1967, daga baya Bosch ya mallake shi gaba ɗaya a 2015.

Game da tsaftar wanki, tsohuwar takardar da Tarayyar Turai ta wajabta a manna wa injina tana da haruffa uku: na cin wuta, na ingancin wanki, da na matsewa. Da tafiya ta yi tafiya sai darajar A a wanki ta zama sharaɗi ga duk injin da ya wuce kilo 3, har aka cire wannan harafi daga takardar. Abin da nake nufi shi ne tsakanin sanannun injinan nan bambancin fitar da dauɗa kaɗan ne, inda suka sha bamban shi ne ɗauraya da tsawon lokaci da girma, kamar yadda Hajiya ta bayyana.

Akwai abubuwan da nake roƙon duk mai sayen na hannu ya kiyaye. Filogin Jamus mai ƙafa biyu ne, wayarsa ta ƙasa tana haɗuwa ne ta ƙarafan gefe, idan aka tura shi a soket irin namu wannan kariya ta tafi, alhali inji ne mai ruwa da jikin ƙarfe. A yanke shi a sa filogi mai ƙafa uku na amfiya 13, kuma a karanta farantin tukuna, domin akwai tsofaffin injinan Jamus da ke jan wat 3,000 ko fiye, waɗanda suka fi ƙarfin wannan filogi. Idan rubutun goshin da Jamusanci ne, kalmomin da za ki fi buƙata su ne Kalt, ruwan sanyi, Spülen, ɗauraya, Schleudern, matsewa, da Abpumpen, zubar da ruwa. Wasu tsofaffin na Ingila suna da bakin ruwa biyu, na zafi da na sanyi, sai an haɗa su duka da tiyo mai reshe biyu. Na Amurka kuwa a guje su, domin wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. Wanda kuma aka yi wa tayin Hotpoint ko Indesit daga Ingila ya binciki lambarsa, saboda a Disamba 2019 kamfanin Whirlpool, mai su a lokacin, ya janye kimanin guda 500,000 da aka ƙera tsakanin 2014 da 2018, kan makullin ƙofa da ke iya yin zafi ya kama wuta.

Malamar Makaranta, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara muku sani. Mun koma shagon tare da maigida. Farantin Bosch ɗin ya nuna FD 8703, wato Maris 2007 ke nan, bahonsa na kusoshi ne, gangar ba ta wasa, kuma ya matse tawul ba tare da wata ƙara ba. LG ɗin kuwa da aka buɗe bayansa mun ga zirin tsatsar da Injiniya ya kwatanta, don haka maigida da kansa ya janye, duk da cewa maganar Hajiya kan girma ta shige shi. Mun tsaya a kan Bosch. Abin da ya rage mini damuwa shi ne a farantin an rubuta wat 2,300, janaretanmu kuma 2.5 kVA ne, sannan tankinmu bai fi mita huɗu daga ƙasa ba. Injiniya, shin waɗannan za su ɗauke shi?

Mai Gyara, Sabon Gari, Kano

Madalla, Malama, kun yi zaɓi mai kyau. Tankin ne ya fi janaretan buƙatar gyara, don haka da shi zan fara.

An ƙera injinan nan ne don ruwan famfo mai ƙarfi, kuma Bosch yana neman aƙalla bar 1 a ma'aunin matsin ruwa. Tsayin mita 10 ne ke ba da bar 1, ana aunawa daga saman ruwan tanki zuwa bakin da ruwa ke shiga inji, ke nan tankinku ba zai kai ko rabin abin da ake so ba, kuma yana ƙara raguwa yayin da ruwan ke sauka. Abin da za ki gani shi ne injin zai daɗe yana shan ruwa har ya gaji ya nuna F17, garin sabulu ya daskare a aljihu bai wanku ba, wani lokaci kuma bawul ɗin ya kasa rufewa sosai, domin matsin ruwan ne ke taimaka masa ya toshe, sai ki wayi gari ki tarar ruwa ya taru a ganga. Maganinsa ƙaramin famfon ƙara matsi ne mai tashi da kansa idan an buɗe ruwa, wanda ba ya cin wuta sosai, a ɗaura shi a kan bututun da aka ja wa injin shi kaɗai daga tanki. A sa matatar ruwa kafin famfon saboda yashin burtsatse, a riƙa zare 'yar ragar da ke bakin tiyo ana wankewa, kuma a rufe kan famfo bayan kowane wanki. Idan tiyon injin yana da ɗan akwati a kansa, kada mai aikin famfo ya yanke shi, domin a wasu akwai wayar wuta a ciki.

Wat 2,300 da kika gani kusan 2,000 daga ciki na hita ne. Janareta 2.5 kVA abin da yake bayarwa a zahiri wajen wat 2,000 ne, don haka ba zai ɗauki dumama ruwa ba, balle ga firji da fankoki a kansa. Amma idan kika juya maɓallin zafi zuwa sanyi, hitar ba za ta kama ba, moto da famfo kaɗai za su yi aiki, kuma wannan janaretan zai ɗauka ba wahala. Kada a bari wani ya cire wayar hitar da sunan tsimi, domin injin zai tsaya yana jiran ruwa ya yi zafi har ya nuna matsala. A wutar gari ki sa masa sitabilaiza mai 5 kVA, irin wadda ke ɗan jinkiri kafin ta saki wuta bayan an dawo da ita, kuma ki tabbata soket ɗin yana da wayar ƙasa ta gaske.

Idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, kada a ja ƙofar da ƙarfi. Makullin yana sakin kansa bayan kamar minti biyu, amma a fara zubar da ruwan ta ɗan siririn tiyon da ke bayan ƙaramar ƙofa a ƙasa ta dama. A wannan wurin ne matatar famfo take, ki riƙa buɗe ta lokaci-lokaci kina cire tsabar kuɗi da fil ɗin hijabi da maɓallai, waɗanda su ne suka fi jawo F18.

Ranar ɗauko shi a ɗora shi a tsaye, a cusa kwali ko soso tsakanin baho da jikin injin ta sama don kada gangar ta yi ta dukan gefe a hanya, kuma a tuna a cire kafin a kunna. A ajiye shi a kan daɓen siminti, inda rana da ruwan sama ba sa taɓa shi, a daidaita ƙafafunsa huɗu har ya daina girgiɗi, a kuma toshe ƙarƙashinsa da ragar waya saboda ɓeraye suna son wayoyin ciki. Tun da yawancin wankinki da ruwan sanyi zai kasance, sau ɗaya a wata, ranar da wutar gari ta zauna, ki kunna shi babu kaya a kan zafin digiri 60 ko 90 da sabulu kaɗan, domin ya narkar da maiƙon da ke taruwa a bayan ganga. Ki kuma sayi kabon guda biyu da bel ɗaya da lambar E-Nr ɗinsa tun yanzu ki ajiye, sannan ki nemi mai shagon ya rubuta miki a rasit cewa kina da mako guda na gwaji a gida.